Baƙi Uku Babu Wasali

Ni ne ban kyauta ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya wahalar da kansa yana nema mini hanzari. Neman hanzari shi ne aikin da na ci abinci da shi shekara da shekaru, kuma na juya maganar nan ta kowane gefe ban samo wa kaina ko guda ba. Matata ta yi ta rubuto mini kalma ɗaya, ni kuma na yi ta ba ta amsar wata kalmar daban, da farko bisa kuskure, daga baya da gangan.

A Gwarzo ana ce mini lauya, amma ban taɓa sa baƙar riga ba. Aji bakwai na gama a firamare, na samu aikin akawu a kotun alƙali, ina rubuta ƙara da sammaci. Da zama ya yi zama na iya jera magana a gaban shari'a, har mutanen ƙauyukan kan iyakarmu da Katsina suka fara neman shawarata kan rikicin gona da na gado.

A bakin wannan aikin na san mahaifinta. Malami ne a Kara, wanda ya karantar da 'ya'yansa mata kamar yadda ya karantar da maza. Wani maƙwabci ya tumɓuke gambar da ke kan iyakar gonarsa ya matsa da ita ciki, alƙali ya aike ni in gano wurin in rubuto. Muna zaune a zaure ina karanta masa abin da na rubuta, na ce iyakar da ake rigima a kai ta gabas ce. Sai 'yarsa da ta kawo mana ruwa, har ta juya za ta shiga gida, ta ce a hankali, "Baba, arewa ce." Na duba takarda, na duba inuwar bango. Arewa ce.

Goggonta ce ta zama gidan wayarmu. Tana kawo daddawa Gwarzo ranar kasuwa, ta cusa wasiƙar a gefen ƙwarya. In ta miƙo mini sai ta ce, "Lauya, ga taka. In ka ji ƙamshi kada ka yi zaton na amarya ne, nawa ne." Ni ina rubutawa da boko, shafi biyu, wani lokaci uku, da dubun gaisuwa da kalmomin da na tsinta a littattafai. Ita tana rubutawa da ajami, da tawada da alƙalamin kara, layi huɗu ko biyar. Ba ta iya boko ba a lokacin. Ta je wurin matar hedimastan garinsu ta koya, kafin a cire amfanin gona ta fara karanta ni da kanta. Ni ban yi mata irin wannan ba. Na bar makarantar allo da wuri, ajamina bai wuce na mai tafiya da sanda ba: in an sa wa baƙi wasali in karanta, in ba a sa ba in tsaya. Ta gane haka tun a wasiƙa ta biyu, saboda haka ta riƙa sa wa kowace kalma wasalinta, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai rubuta wa yaro allo.

Yau ba ta duniya, wasiƙun suna wurina. Ga wata daga cikin na farko: "Na ga takardarka. Ta yi tsawo, kwana biyu na yi ina karanta ta, ban gaji ba. Baba ya ce ka turo manyanka." Har yanzu in na buɗe ta nakan ji kamar ɗan warin daddawa, ko da yake na san hancina ne ke yi mini alheri.

Aka ɗaura aure, aka kai ta gidanmu a Masanawa wurin Inna, mahaifiyata. Na yi mata alkawarin da zarar damina ta wuce zan kama gida a Gwarzo in ɗauko ta. Damina ta wuce, sai ga zamanin tsuke bakin aljihu. Albashi ya riƙa makara, sabulu sai an bi layi, tayar babur ta gagare ni har na jingine shi. Da aka zo rage ma'aikata sunana na ciki. Na koma tsaya wa mutane wakili a kotu, yau Gwarzo, gobe Kabo, jibi wani ƙauye auna gona da igiya. Ɗaki ɗaya na kama a bayan kotu, rufinsa na yoyo, babu komai ciki sai tabarma da akwatin takardu. A wasiƙa kuwa cewa nake yi ana gyaran gidan da za ta zauna.

Tsakanin Gwarzo da Masanawa ba tafiyar kwana ba ce, wannan ma in faɗa. Amma sai in yi wata guda, wani lokaci biyu, ban leƙa ba. Wani direba mai bin hanyar ne ya gaji goggo wajen kai takarda da kawowa.

A shekara ta biyu kalmar ta fara zuwa. Bayan gaisuwa da labarin ƙafar Inna da na jaririyarmu, sai ta rufe da cewa, "Muna lafiya, sai dai fama da," sannan baƙi uku: kaf, ya, wau. Babu wasali ko ɗaya a kansu. Na bar ta da awaki biyar, don haka ban yi wani dogon tunani ba, na karanta "kiwo". Na zauna na ba ta amsa yadda nake tsara takardar kotu. Na ɗaya, a tanadi harawa tun da kaka. Na biyu, a rage dusa tunda ta yi tsada. Na uku, in abin ya yi yawa a sayar da bunsurun. Na sa hannu a ƙasa har da kwanan wata.

Wasiƙa ta gaba ta zo da baƙaƙen nan uku, ta bayanta ma haka. Ni kuma ban gaji da shawara ba. Har wurin malamin dabbobi na je na tambayo mata maganin tsutsar ciki.

Wata ƙaramar Salla na je gida. Da hantsi ina zaune a ƙofar ɗakin Inna, matata na daka a tsakar gida, na ce, "Inna, yaya awakin nan da suka hana mutane sakat?"

Inna ta dube ni. "Waɗanne awaki?"

"Namu mana."

"Kai dai lauyan nan, a kotu kaɗai idonka ke gani? Tun bara waccan ciwo ya kashe biyu, sauran muka sayar muka sayi dawa. Turakun ma mun tumɓuke mun hura wuta da su. Ko kaza ba mu da ita a gidan nan."

Na ji taɓarya ta tsaya. Ban waiwaya ba. Can sai dakan ya ci gaba.

Da na koma Gwarzo na zazzage akwati na jera wasiƙunta a kan tabarma. Kowace kalma da wasalinta, babu wadda ta tsallake, sai wannan ɗaya. In ka sa wa kaf wasalin ƙasa, ka sa wa wau rufu'a, kiwo ne. In ka sa wa kaf ɗigo a ƙasa, ka sa wa wau wasalin sama, kewa ce. Mace ce mai kunya, 'yar malamai, wadda ko sunana ba ta taɓa furtawa ba, kuma takardar ta hannun direba take bi. Ba za ta iya rubuta abin a fili ba. Sai ta rubuta rabinsa ta bar mini rabi in ƙarasa. Shekara kusan uku tana ce mini tana kewata, ina aika mata da maganin tsutsa.

Har nan kuskure ne, kuma da a nan na tsaya da ban rubuta wannan ba. Na ɗauki biro na rubuta, "Ni ma haka." Na dube shi, na yaga. Na ga in na amsa kalmar, sai in amsa cewa na yi shekara uku ban gane abin da yarinyar ƙauye ta rubuta ba, ni da ake taruwa a ji bakina. Sai kuma in ɗauko ta, ta ga babu wani gida da ake gyarawa, ta ga kwanon da nake tara ruwan yoyo. A kotu na koyi cewa wanda ya amsa abu ɗaya zai amsa na biyu. Saboda haka na sake ɗaukar takarda na rubuta mata cewa harawar wake ta fi ta gyaɗa auki. Na rubuta haka ga matar da ta ji da kunnenta an gaya mini babu akuya a gidan.

Amsarta ta zo bayan mako biyu. "Muna lafiya. Inna na gaishe ka. An yi ruwa ran Talata, an yi shuka." Kowane baƙi da wasalinsa. Kalmar ba ta sake zuwa ba.

Ba ta yi yaji ba, ba ta kai ni ƙara wurin kowa ba. In na je gida ta durƙusa ta gaishe ni, ta kai mini ruwan wanka, ta yi miyar da nake so. Muka ƙara haihuwa biyu. Wanda ya gan mu zai ce babu abin da ya same mu. Ni kaɗai na san cewa duk ranar da direba ya miƙo mini takarda, ba daga sama nake fara karantawa ba. Ƙasa nake fara dubawa, ko zan ga baƙaƙen nan uku tsirara. In ban gan su ba sai in ninke takardar in sa a aljihu, in yini ina taɓa ta ta bayan riga. Abin da na ƙi amsawa shi na koma nema, kuma ba ni da bakin tambaya.

Da abubuwa suka ɗan sassauta na kama gida mai ɗaki biyu, na ce ta taho. Ta ce Inna ta tsufa, wa zai kula da ita. Da Inna ta rasu na sake cewa ta taho. Ta ce, "Gonar fa, Malam? Ai mun saba." Ban matsa ba, don na san in na matsa inda maganar za ta kai mu.

Sai zamanin Shari'a ya zo. Aka sauya allon ƙofar kotu, aka sauya wasu takardu, mata da yawa da suka daɗe da abu a ciki suka fara fitowa. Wata rana na tsaya wa wata mata wadda mijinta ke fatauci a kudu. Shekara huɗu bai kwana a ɗakinta ba. Shi da bakinsa ya ce bai taɓa barin ta da yunwa ba, hatsi na zuwa, atamfar Salla na zuwa, me kuma take nema? Na miƙe na yi magana yadda ban taɓa yi ba. Na ce haƙƙin mace ba ci da sha da sutura kaɗai ba ne. Na ce buhun dawa ba ya hira, atamfa ba ta tambayar mutum yaya ya kwana. Na ce wanda ya san matarsa na kiransa ya yi kamar bai ji ba, ya cuce ta ko da bai taɓa ɗaga mata murya ba.

Alƙalin dattijo ne, ya san ni tun ina akawu. Ya bari na gama, ya zare tabarau, ya ce, "Madalla, malam wakili. Wannan karatu ya yi. Yaushe rabonka da Masanawa?"

Aka kwashe da dariya, har mijin matar.

Na ce, "Allah ya gafarta malam, ba ni ake ƙara ba."

Ya ce, "Na sani. Taka matar ba ta kawo ƙara ba ne kawai. Zauna."

Washegari ina da shari'a biyu, na roƙi a ɗaga su. Na shiga mota zuwa Kabo, daga nan na hau babur. Bayan azahar na isa. Na same ta a gindin darbejiyar tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, furfura ta leƙo ta gefen kallabinta. Ban san lokacin da ta fito mata ba.

Ta yi mini sannu da zuwa, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen Gwarzo, ta kawo ruwa. Sannan ta ce, "Lafiya dai, Malam? Yau Laraba fa. Ko kotun ce ta ƙone?"

Na zauna a kan turmin da ke kife. Na gyara murya na ce, "Akwai magana. Da farko dai..."

Ta ce, "A'a, Malam. Nan babu na ɗaya babu na biyu. In magana ce, yi ta kawai."

Duk abin da na shirya a mota ya watse. Hannunta bai daina ɓarar gyaɗar ba, kuma ba ta dube ni ba. Na sauko daga kan turmin na zauna a ƙasa, a gefen tabarmarta.

Na ce, "Uwar yara, kalmar nan da kika riƙa rubuto mini, na gane ta. Tun ranar da Inna ta ce babu awaki na gane ta. Na san ba kiwo kike nufi ba, amma na sake rubuto miki maganar harawa, don girman kai, da kuma kunyar kada ki ga ɗakin da nake kwana. Babu wani gida da ake gyarawa a lokacin, ƙarya na yi miki. Kin kira ni shekara uku ban amsa ba, kin yi shiru ni kuma na bar ki da shirun duk tsawon shekarun nan. Ni ma na yi kewarki, kullum, har yau da nake zaune a gabanki. Ban zo da hujja ba, ba ni da ita. Na cuce ki. Don Allah ki yafe mini."