Dalma Marar Huji

Wan mijina ya mayar da tsakar gidana maƙerar harsashi, kuma har ya koma ga Allah bai ce mini in yi haƙuri ba. Ban yafe wannan ba. Sai da na yi jikoki na koyi riƙe alƙalami, to yanzu zan rubuta abin yadda ya faru.

Mijina masunci ne. Yana jefa raga a Nilu, ranar da bai je kogi ba kuma yana zuba dalmar da ake ɗaura wa bakin raga don ta nutse. Duk layinmu a unguwar Alsawra an san warin tukunyarsa, ba wanda ya taɓa tambaya. Dalmar raga aba ce sananniya: doguwa kamar ɗan yatsa, da huji a tsakiya inda igiya ke bi.

A farkon mulkin soja ne. A lokacin, mota marar lamba takan tsaya a ƙofar mutum, a tafi da shi da jallabiyar jikinsa. Matarsa ta yi ta yawo da kwanon abinci daga ofis zuwa ofis, kowa ya ce bai san da shi ba. Wanda aka kama da takardar adawa ma kenan, balle harsashi.

Yaya, wan mijina, gadi yake yi a wani sito a Kasuwar Libiya, babbar kasuwar garinmu. Ɓarayi sun fasa wa abokin aikinsa kai, sai mai siton ya ba shi musaddas, wata tsohuwar ƙaramar bindiga mai juyawa tun ta zamanin Ingilishi, ba harsashi ko ɗaya, sai kwansuna da aka riga aka harba. Ya zo mana da su a cikin safa, da wani mazubin harsashi kamar awartaki da ya aro a unguwar Alhilla Kuku.

"Kan harsashin kawai za ka zuba mini," ya ce wa mijina. "Albarushi da sauran tarkace ni na san inda zan samo. In cusa, in matse, halas, shi ke nan."

Na leƙo daga madafa. "Yaya, a gidan wa?"

"Ke, da ke ake?"

"Ni ce zan yi yawo da kwanon abinci."

Mijina bai ɗaga kai ba. Yaya ne ya raine shi a gonakin auduga na Jazira bayan rasuwar ubansu, kuma a wurinmu ƙane ba ya kallon idon wansa ya ce a'a, ko da a wuta ya ce ya sa hannu.

Suka zauna suka yi wayonsu na maza. Suka ce bayan la'asar ya fi, maza duk suna kasuwa ko gindin masallaci, ba mai buga ƙofa. Suka sa wa ƙofar titi sakata har da dutse. Ba wanda ya tuna da nafaj, ƴar ƙofar da ke jikin katanga tsakaninmu da maƙwabta. Maza ba sa bi ta nan, don haka a wurinsu ba ƙofa ba ce. Kuma bayan la'asar shi ne lokacin da mace ke neman garwashi don dafa jabana, gahawar da mata ke taruwa su sha. Na faɗa musu. Yaya ya ce in je in ji da miyata. Nafaj kuwa ba a rufe shi da rana. Wadda ta rufe, ta yi shelar gaba.

Maƙwabciyata Bahaushiya ce, mun ci gishirin juna shekaru, ita ta yi mini wankan jegon tagwayena. Amma mijinta ɗan lajana ne, kwamitin unguwa mai raba katin sukari, mai kuma sanin baƙon da ya kwana a gidan kowa.

Sun zuba kamar cikin tafin hannu, an jera su a farantina suna hucewa, Yaya na gwada ɗaya a bakin kwanso, sai na ji ƙarar langa-langan nafaj.

"Uwar biyu! Wuta ko ta mutu?"

Ta shigo da murfin kwano a hannu. Yaya ya zauna a kan safar. Mijina ya tsaya da ludayi cike da narkakkiyar dalma, ga shi ba takalmi.

Ta gaida su, ta durƙusa gaban murhu tana zaɓen garwashi. Farantin na gefen gwiwarta. Na so in jefa zane a kai, amma jefawar ma magana ce. Ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya, ta hura, ta juya shi a yatsu.

"Malam, yau an manta huji?"

"Sabon samfuri ne," in ji mijina.

"Wane kifi ne ake kamawa da wannan?"

"Mai ƙafa biyu," na ce, ina dariya. "Irin mai shigowa gidan mutane ya cinye musu garwashi."

Ta yi dariya ita ma, amma ba ta kalle ni ba. Ta ajiye shi a hankali a inda ta ɗauka. Ta dubi Yaya, ta dubi ƙofar titi da dutse a jikinta.

"Yau shan jabana ba za ki zo ba kenan."

"Baƙo gare ni."

"Na gani."

Ta fita. Nafaj ya rufu.

Yaya ya ce mace ba ta san harsashi ba. Na ce masa matar da ƙanenta ke difa'i, sojan sa kai, ta fi shi sani. Ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce gada da tasha duk ana bincike, ba zai ɗauki kome yau ba, jibi zai zo a ƙarasa. Ya bar mana kayan, ya tafi da hannunsa wayam.

Kafin magariba mijin maƙwabciyata ya tsaya a ƙofarmu. Ya yi wa mijina doguwar gaisuwa, ya tambayi kogi, ya tambayi yara, ya tambayi labarin Yaya, ko har yanzu yana sito. Daga nan ya wuce masallaci. Kullum yana gaisuwa, amma ban taɓa jin ya tambayi labarin Yaya ba. Ko ya saba ni ce ban kula ba? Duk motar da ta rage gudu a layin sai in leƙa ta kafar ƙofa. Na ce wa mijina ya zubar da kayan. Ya ce amanar Yaya ce. Na ce yaran nan amanar wa ne? Ya juya mini baya.

Da asuba ya ɗauki ragarsa ya tafi kogi. Na hura murhu da kaina, na juye farantin a tukunyarsa, na tsaya har suka narke suka zama curi ɗaya marar siffa. Kwansunan da mazubin aro na jefa su a masai, na ji faɗuwarsu. Na yafa tobina na hau motar Kasuwar Libiya.

Na sami Yaya a kan benci a bakin sito, yana shan shayi da abokan gadinsa. Ban durƙusa ba.

"Yaya, jibi kada ka wahalar da ƙafarka. Ƙanenka ba zai iya faɗa maka ba, shi ya sa na zo da kaina."