Tambayar da Mama Rifkatu Ta Kai Kambodiya

Kamazou zuwa Abuja

Da asubar fari na fito daga gidana a Kamazou, matata na bina da addu'a da kwalbar yaji. Wata ƙungiyar Turawa ce ta ga kwamitinmu na zaman lafiya ya gaji da cin shinkafa a otal-otal ɗin Kaduna, ta ce a kai mutum uku Kambodiya su ga inda aka yi kisan kiyashi, ko sa koyi darasi. Sai ka ce abin koyo ne ya yi mana ƙaranci a gida.

Mun ɗauki Mama Rifkatu a Makera. Alhaji Sani kuwa a bakin gada muka same shi, don tun rikicin da ya kore shi tsallaken kogi bai ƙara taka unguwar ba. Da can katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Ranar rikicin an ga ɗanta Danjuma ya nufi gidan Alhaji a guje, daga nan babu shi babu labarinsa. Shekara da shekaru suna zama teburi ɗaya suna wa jama'a wa'azin yafiya, ita ta kasa tambaya, shi bai ce uffan ba. Duk kwamiti ya sani, duk mun yi gum. Ai mu ƙwararru ne.

A shingen farko ɗan sanda ya leƙo. "Ina zuwa?"

"Kambodiya," in ji direba.

"To a ba yara na ruwa, hanya da nisa."

Phnom Penh

Jirgi biyu muka hau, ƙafafuna suka kumbura kamar doya. Mun sauka babban birnin ƙasar da hantsi cikin zafi mai danƙo. Keke mai ƙafa uku irin namu ya kai mu masauki, sai dai direban bai cusa mutum biyar a ciki ba, da alama bai san sana'a ba. Abinci shinkafa ce fara fat da miyar kifi mai zaƙi. Yajin matata ne ya cece mu.

Kurkukun

Washegari aka kai mu. Makaranta ce a da, aka mai da ita kurkuku, yanzu wurin tunawa da waɗanda aka kashe. Azuzuwan na nan, an yanka su ƙananan ɗakuna da bulo. A wasu akwai gadon ƙarfe da mari a kai. Sai ɗakunan hotuna: fuska bayan fuska, maza da mata, har da mai goyo, duk masu kisan ne suka ɗauka kafin su kashe su.

Alhaji ya taɓo ni. "Malam Bulus, tambayi matar nan, waɗannan Musulmi ne ko Kirista?"

Gaskiya riga ni kawai ya yi, ni ma tambayar ce a harshena. Mutumin Kaduna ba ya jin an yi kisa ya fara kuka haka kawai. Sai ya ji namu ne ko nasu, sannan ya san ko hawaye zai yi ko "Allah ya kyauta".

Matar da ke mana jagora ta ce mafi yawansu yarensu ɗaya da masu kisan, addinin iyayensu ɗaya. Ta ce wasu ma masu gadin ne, daga baya layi ya zo kansu. Muka tsaya sororo da tausayinmu a hannu, mun rasa ɓangaren da za mu ajiye shi.

Mama Rifkatu ta daɗe gaban hoton wani saurayi. "Su ko hoto an bar musu," in ji ta. Sai ta juyo. "Alhaji, Danjuma ya iso gidanka ranar nan?"

Ya cire hula, ya mayar. "Ya iso, Maman Danjuma. Ya tarar an sari ƙanena Bala a ƙofar gida. Shi ya goya shi, wai zai kai shi asibiti. Na ce kada ya fita, ya ce ba mai taɓa shi a Makera. Ban ƙara ganin ko ɗayansu ba."

"Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

"Da wane baki? Saboda namu ya tafi."

Ta zauna dirshan a ƙasa. "Ni kuwa duk shekarun nan ina zaton ƙofa ka rufe masa."

Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Wani Bature ya miƙo mana tishu, yana jinjina yadda baƙi daga Afirka suka damu da mutanen Kambodiya.

Komawa gida

Da la'asar muka shigo Kaduna. Na gode Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa ƙungiyar da ta tsallaka teku da mu don mutum biyu da kogi ɗaya ya raba su yi maganar minti biyar. Suna nan suna jiran in rubuto darasin da muka koya game da Kambodiya.

Mama Rifkatu ta daɗe tana ƙin a yi wa Danjuma sujadar tunawa a coci, wai ba ta san abin da za ta ce a kansa ba. Yanzu ta gaya wa fasto a sa ranar Lahadi mai zuwa. Alhaji ya ce zai zo, amma a waje zai zauna. Ta ce a ajiye masa kujera a inuwa.