Baƙon da Ba Ya Rage Tuwo

Ƙararrawar keke ce ta ja mana. Gara in faɗa tun yanzu, tunda kowa ya san ba na iya riƙe magana, ko da ta kaina ce. Ranar da Baturen nan ya tsaya bakin rijiyar ƙauyenmu, kusa da Dinawa, yana jan keke mai fasasshiyar taya, gidan mai gari ya tambaya. Ko yaron goye ya san can ake kai baƙo. Ni kuwa idona na kan ƙararrawa. Na duba na ga in ya shiga gidan mai gari, 'ya'yan mai gari ne za su kaɗa ta har ta dishe, ni sai dai in ji daga bayan danga. Sai na ce masa mai gari ya tafi Wurno, alhali yana gida yana barcin rana. Na ƙara da cewa gidanmu ya fi, rumbunanmu ma sai an haɗa tsani biyu ake hawansu.

Rumbu ɗaya gare mu, kuma a lokacin ɓeran cikinsa ma ya yi ƙaura. Fara ta cinye geron bara tun yana tsaye. Bazara ta yi nisa, zafi kamar a bakin maƙera, kowa na kallon gabas yana jiran hadari. A gidanmu sau ɗaya ake ɗora tukunya.

Baba na zaure yana tufka igiya muka shigo. Ya dubi Baturen, ya dubi keken, sannan ya dube ni da irin kallon da ke ɓare bawon itace.

"Wanga hwa?"

"Baƙo na, Baba."

Ai baƙon ya riga ya yi sallama, magana ta ƙare. Baba ya ajiye igiya ya shimfiɗa masa tabarmarsa ta kansa.

Ba irin Turawan da muka saba ji ba ne, masu zuwa da 'yan doka da 'yan dako. Ɗan mishan ne, dogo, ramamme, hancinsa ya saɓule don rana. Ya ce daga hayin teku ya fito. Daga Rabah yake, zai tafi Goronyo, yana neman kutare ya gaya musu inda ake ba su magani. Ƙaya ta soke shi a hanya, ƙafar ta kumbura kamar kabewa. Hausarsa a hankali take fita, kalma bayan kalma, kamar mai tsallaka gulbi a kan duwatsu. Kayansa bargo ne da littafi ɗaya.

Baba ya ce, "Ina guzurinka?"

"Ba ni da guzuri, malam. Na yi wa Allah alkawari ba zan ɗauka ba. Wanda yake ciyar da tsuntsaye ba zai manta da ni ba."

Na ga fuskar Baba ta sake. "Ashe kun san tawakkali. Haka na. Bakin da Allah Yat tsaga, ba Ya hana mai abinci."

Suka yi ta gyaɗa wa juna kai, Musulmi da Nasara, kamar waɗanda suka yi makaranta ɗaya. Ni dai na san yadda tsuntsaye ke samun nasu. Kowace kaka ni ake ɗorawa bisa rumfa a gona in yi ta ihu ina korar su daga geronmu.

Ƙararrawar kuwa na kaɗa ta da yamma. Ta yi tsatsa. Ƙararta ba ta kai ta tarin akuya ba.

Ga yadda ake yi a wurinmu. Akushin baƙo shi ake fara cikawa. Baƙo ya ci, in ya ƙoshi ya rage, ya ture akushin. Ragowar nan ita ce shaidar cewa gida ya fita kunya, kuma ita ce rabon yara. Duk yaron da ya tashi a ƙasarmu ya san daɗin ragowar baƙo, don can ne miya ta fi yawa. Saboda haka da na kai masa tuwo zaure, ni da ƙanwata muka laɓe bayan zana. Ita ƙarama ce, ba ta fi shekara biyar ba, har ta wanke hannu ta riƙe shi sama kada ya taɓa ƙasa.

Baturen ya rufe ido ya yi addu'a, sannan ya fara. Ya ci, ya ci, ya ci. Da ya kai gindi sai ya lanƙwasa yatsa ya bi gefen akushin ya suɗe. Da na ɗauko shi, wallahi kana iya ganin fuskarka a ciki. Ƙuda ya sauka, ya zagaya, ya tashi da fushi.

Inna ta juya akushin a hannu. "Bai ƙoshi ba," ta ce. "Mun ji kunya."

Kashegari ta ƙara malmala ɗaya. Ya cinye. Ta ƙara wata. Ya cinye. Kowace rana akushi na ƙara tudu, namu ƙoƙon na ƙara rami. Ƙafar kuma ta ƙi sacewa, balle ya kama hanya. Da safe yakan zauna bakin zaure yana wanke wa mutane gyambo da ruwan zafi da gishiri, ba ya ƙyamar kowa. In an tambaye shi lafiya, sai ya ce, "Na gode wa Allah. Tun da na bar ƙasata bai bar ni na kwana da yunwa ba." Mu kuwa muna bayan zana muna jin sa.

Na yi dabaru. Na farko, na yanki gefen tuwon a hanya tsakanin madafa da zaure, na cusa wa ƙanwata a baki. Baba ya ga gurbin yatsuna. Dukan da na sha, na tabbata mutanen Goronyo sun ji, sun yi zaton ana sussuka. Na biyu, na zuba masa barkono a miya, wanda zai iya tayar da mataccen jaki. Na ce yau dai sai ya rage. Mutumin nan ya yi ja, ya yi shuɗi, hawaye da majina suka haɗu a gemunsa, ya cinye tas, ya ce a gaya wa uwargida an gode.

Daga nan abin ya daina ba ni dariya. Ƙanwata ta bar wanke hannu. Takan zo dai ta zauna bayan zanan, ta jingina kai da kafaɗata. Wuyanta ya zama kamar sillen kara.

A saman murhun Inna akwai damin da ba a taɓawa. Irin shuka ne, zangarniyoyin da Baba ya tsinto ɗaya ɗaya daga abin da fara ta bari, ya rataye inda hayaƙi zai kore ƙwari. Ko ranar da muka kwana da ruwan rama kaɗai ba wanda ya ɗaga ido ya dube shi. Wata rana da hantsi na dawo daga rijiya na ji ana daka. Na leƙa turmi, na ɗaga kai na dubi saman murhu. Damin ya rame.

Inna na daka tana magana, ba ta kallon Baba.

"Malam, iri na hwa. In ruwa ya sauka mi za mu shibka? Tsakuwa?"

"A ba baƙo."

"Ka kai shi gidan mai gari. Can ya kamata shi sauka tun hwarko."

"In ɗauki baƙo da ƙahwa kumbure in kai gidan wani, in ce na kasa? Gobe da wace huska za ni shiga masallaci?"

"Ɗiyanka hwa?"

"Wanda Yak kawo shi Ya san da su."

Ya juyo ya gan ni. "Kai kuma, in ka buɗe bakin ga naka gaban baƙo, sai na ɗebe ma hwata."

Na riƙe bakina iyakar iyawata, wato har la'asar ta kashegari. Abin da ya karya ni hadari ne. Ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, ya yi ta gurnani sannan ya watse. Duk ƙauye aka fito da sungumi ana gyara ƙota. Na shiga madafa na ƙara duban damin. Abin da ya rage, da hannu ɗaya zan ɗauke shi.

Baba ya tafi masallaci. Na kai akushi zaure, na ajiye, na ƙi fita. Baturen ya yi addu'arsa, ya dubi tudun tuwon, na ga ya ja dogon numfashi kamar mai shirin ɗaukar jaki a ka.

Na ce, "Nasara, kai ba ka ƙoshi?"

Ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Yaro, ina ƙoshi tun a rabi. Cikina yana ciwo kowane dare. Me ya sa uwarka take ƙarawa?"

"Don ba ka ragewa!"

"A gidan marayun da na tashi, wanda ya rage abinci ya raina mai bayarwa, ya raina Allah. Ba a tashi sai kwano ya zama fes."

"To nan wanda bai rage ba bai ƙoshi ba. Kuma abin da ka rage shi muke ci."

"Ku wa?"

Na ɗaga zanan. Ƙanwata na zaune a wurinta, ta yi barci da baki buɗe.

Ban taɓa ganin Bature ya yi fari ba sai ran nan, don da ma ja ne. Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya ce, "Kai ka ce mini rumbunanku..."

"Ƙarya nika yi. Ina son in kaɗa ƙararrawa."

Tunda na fara, sai na ƙarasa. Na gaya masa na fara, na gaya masa na damin iri. Ya sa hannu biyu ya rufe fuska. Na ji yana magana da harshensu, ban san ko da Allah yake ko da kansa ba. Can ya tayar da ƙanwata da kansa, ya tura mata akushin. Ta dube ni, na gyaɗa kai. Muka ci kamar kuraye. A haka Baba ya shigo ya same mu, hannu dumu-dumu cikin akushin baƙo, baƙo na gefe yana hawaye.

Bai dake ni ba. Da ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a dokin ƙofa kamar an zare masa laka.

Baturen ya ce, "Malam, ka gafarta mini. Na ci irin gonarka ina cewa Allah ne ya ba ni."

"To wa yab ba ka?" in ji Baba. "Ni? Ni ban da komi. Rabonka na kac ci."

"Rabon yarinyar nan ne."

Baba ya juya. Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka.

Da sassafe baƙon ya naɗe bargonsa. Ƙafar ba ta warke ba, ya ɗaure ta da tsumma. Ya ce a riƙe keken, a sayar a sayi iri. Baba ya ce shi ba ya sayar wa baƙo da tuwo, in ya bar keken nan zai bi shi da shi a ka har Goronyo. Suka yi ta ja, kowa na rantsuwa da Allah. A ƙarshe Baturen ya ce to zai aiko da iri, ko ta halin ƙaƙa. Inna ta ba shi dunƙulen fura a ƙunshe cikin ganye. Ya ƙi karɓa, ta ajiye masa a kan sirdin keken ta koma ciki. Na raka shi har bayan gari. Yana ɗingishi yana jingina da keken, ban san wanda ke jan wani ba. Kafin mu rabu ya raba furar biyu ya ba ni rabi, ya ce, "Ka ga, na koya."

Ba a jima ba ruwa ya sauka, mai yawa. Muka fita da abin da ya rage. Baba na sara da sungumi, ni ina binsa ina jefa ƙwaya ina takewa, yana ta ce mini in rage hannu. Duk da haka irin ya ƙare kafin mu kai tsamiyar da ke tsakiyar gona. Baba ya tsaya ya dubi sauran filin, ya saɓa sungumi muka koma gida. Maƙwabta ba su da abin ba mu, kowa nasa bai ishe shi ba.

Irin ya zo. Wani mai jaki ne ya kawo shi daga Goronyo, buhu guda, lokacin da geron mutane ya kai gwiwa. Ya ce Baturen ya sayar da keken ya saya, ya yi ta neman wanda zai biyo ta wajenmu bai samu ba, gulbi ya cika. Ya ce ƙafar ta ruɓe har cinya. Wasu Fulani ne suka ɗauke shi suka yi jinyarsa a rugarsu, a hannunsu ya cika, su suka haƙa masa rami a bayan gari.

Mun shuka irin duk da haka. Ya tsiro, ya yi kore, ruwa ya ɗauke kafin ya yi ido, muka yanke wa awaki. Abin da muka girbe a rabin gonar bai kai mu tsakiyar rani ba. Aka kai ƙanwata wurin gwaggonmu a Boyekai, inda suke da shanu, aka ce sai abinci ya samu. Damina biyu ke nan, tana can.