Ranar da Aka Karrama Mai Guga

Tun tana ƙarama zazzaɓi ya tafi da jinta, ya bar mata ido da hannu, kuma da su ta ci abinci duk rayuwarta. A ɗakin wankin otal, can ƙasan bene inda tururi ke jiƙa bango, Mai Guga kowa yake ce mata. Da goyo ta shigo aikin bayan rasuwar mijinta. Yanzu ɗan goyon har ya tsayar da gemu. Injin wanki ma a tafin ƙafa take jin sa. In ƙasa ta daina rawa, ta san lokacin kwashe zannuwan gado ya yi.

Wata safiya shugabar ɗakin wanki ta zare mata dutsen guga daga hannu, ta ja ta zuwa babban zauren sama, wanda ba ta san komai nasa ba sai labulayen da ta sha gogewa. Aka zaunar da ita a gaba. Sabon manaja ya miƙe yana magana yana nuna ta. Takan karanci leɓe in an fuskance ta, amma abin magana ya tare masa baki. Laifi ta yi? To me ya kawo tafi? Aka ɗora mata agogon bango a cinya, aka ɗauki hoto, shugaba ta yi mata alama da hannu: je ki gida ki huta.

Mutum ɗaya ta taɓa gani an ba agogo a gidan nan, tsohon mai gadi, ranar da aka sallame shi.

Ba ta koma ba. Da ƙanwarta ta leƙo ta tarar da ita zaune da rana tsaka, Mai Guga ta nuna agogon, ta kakkaɓe hannuwa: an gama da ni. Ƙanwar, wadda ba a taka ta ta yi shiru, ta figi mayafi ta sa ta a gaba har ofishin manaja.

"Ranka ya daɗe, me Yayata ta yi aka kore ta?"

"Kora kuma? Baiwar Allah, karrama ta muka yi! Taron ma'aikata masu buƙata ta musamman ne."

"Wa ya gaya mata?"

"Ai na yi jawabi..."

"Madalla, an rera wa kurma waƙa. To tunda ta kirki ce haka, don me har yau take 'yar wucin gadi? Ba hutu, ba asibiti, ranar da ta kwanta ciwo sai dai Allah ya kyauta."

Manaja ya ce shi bai sani ba. Aka kira shugaba, ta ce ta ɗauka ofishin ɗaukar ma'aikata ya sani. Ofis ya ce ba a tabbatar da ma'aikaci sai an yi masa tambayoyi, ita kuwa ba a san ta yadda za a tambaye ta ba, shi ya sa ake ta ɗagawa.

Mai Guga na tsaye tana bin fuskoki da ido, wannan ya nuna wancan, wancan ya nuna sama. Da manaja ya dafa ƙirji yana ba ta haƙuri, sai ta zaci kayansu suke so. Ta ciro agogon daga leda ta miƙa masa. Ya tura mata, ta tura masa, har sai da ƙanwar ta shiga tsakani.

Washegari ta koma bakin teburinta. Bayan wasu watanni aka gayyato wata mata daga ƙungiyar kurame, ta zauna da ita ta bayyana mata da hannu cewa an tabbatar da ita, tana da asibiti, tana da hutu duk shekara, kuma ba alfarma ba ce, haƙƙinta ne. Mai Guga ta tambaya: tun yaushe yake haƙƙina? Matar ta ce tun da daɗewa. Ta daɗe tana kallon hannuwan matar, ta rasa ko murna za ta yi ko fushi.

Hutunta na farko bai zauna mata ba. Ta goge kayan gidan kaf, ta bi maƙwabta tana karɓo kayan makarantar yaransu. Duk yamma kuma sai ta je gidan ƙanwarta, ta taɓa mata kafaɗa, ta nuna hanyar otal, ta ɗaga gira: kin tabbata zan koma?