Kwalin Dankalin Gwaggo Tasalla

Duk wanda ya taɓa kai yaro gidan renon Gwaggo Tasalla a unguwar Kongo-Rasha ta Jos ya san ba a shiga falonta a tsaye. Ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ka sauka bisa gwiwoyinka, sannan a yi magana. Ita kanta haka take wuni, mace mai shekara sittin da ɗoriya, da tsofaffin safuna ɗaure a gwiwa, tana rarrafe a tsakiyar yara takwas ko tara waɗanda babbansu bai cika shekara uku ba. In ka tambaye ta dalili sai ta ce, "Kai in wani mai tsawon falwaya ya tsaya a kanka yana maka magana, daɗi za ka ji?" Ƙanwar mahaifina ce, amma unguwa gaba ɗaya Gwaggo ake ce mata, har liman.

Kun san daminar Jos. Ruwa ya yi kwana uku yana tsuga, ga sanyi, ba halin fitar da yaro tsakar gida. Gwaggo ba ta yarda wannan ya zama hujjar zama ba. Falon ba kujera ko ɗaya. Matasan kai ta tara a tsakiya a hau a gangaro, safuna ta dunƙule ana jefawa cikin kwando, ta ja layi da alli a siminti a bi shi ba a kauce ba. Ta ɗauki murfin tukunya da ludayi tana kaɗawa, yara na tsalle, in ta tsaya kowa ya zube ƙasa. Sai kuma kwalaye. A kasuwar Taminus babu mai shagon da bai san ta ba, don kafin ta karɓi kwali sai ta cusa kanta ciki ta shanshana.

Da kwalayen ta haɗa dogon rami da yara ke rarrafawa ta ciki. Ranar nan Baban Chidi, mai shagon kayan mota, ya zo ɗaukar ɗansa cikin farar riga, Chidi kuwa ya shige ramin ya ƙi fitowa.

"Mama, ka fito min da shi, ni yana sauri."

"Oga, a gidan nan mai sauri shi yake shiga."

Ya dube ta ya ga ba wasa take ba. Haka ya durƙusa ya cusa kai, ya shiga har ƙugu ya maƙale. Yara suka taru a bayansa suna kiɗa da tafin hannu. Da ƙyar ya fito da baya, kwalin ya yage gida biyu. Gwaggo ko murmushi ba ta yi ba, ta ce gobe ya zo mata da wani. Uku ya kawo, kuma daga ranar ya koma zuwa da wuri yana zama a ƙasa da su.

Ɗanta Bashir ma ya sha. Ya zo daga Abuja da ƙatuwar talabijin, wai a kunna wa yara ta samu ta huta. Gwaggo ta zagaya kayan sau biyu, fuskarta ta washe.

"Allah Ya yi maka albarka, Bashir. Ban taɓa samun kwali mai kauri irin wannan ba. Baƙin abin da ke ciki kuma ka koma da shi."

Ni kuwa abin da ya haɗa ni da ita ba na dariya ba ne a lokacin. Ɗana Sadik ya kai wata goma sha takwas bai taka ba. Ko tsayuwa sai ya kama abu, ya yi kamar zai saki, ya koma ya zauna. Likita ya duba ya ce ƙafafunsa lafiya lau, a bar shi ya motsa. Amma mutane ba su bar ni ba. Wannan ta ce ai dole, yaron da aka yasar tun yana wata huɗu aka tafi ofis. Waccan ta ce nata a wata goma ya fara gudu. Na ji tsoro, na kuma yarda laifina ne. Na sayo keken koyon tafiya na zamani, mai ƙararrawa da fitilu. Gwaggo ta ce, "Wannan ai kujera ce mai taya," ta rataye shi a ƙusa tana shanya tawul a kai.

Sai na rubuta takardar barin aiki, na nuna mata. Ta karanta da tabarau a bakin hanci, ta ninke ta cusa a ɗaurin zaninta.

"Gwaggo, ba ni takardata."

"Ki ba ni wata ɗaya, Rabi. In bai taka ba, ni da kaina zan kai wa ogan naki."

Washegari na tarar da Sadik tsaye ya dafa wani kwali yana nishi. Cike yake da dankalin Turawa, ko gizau ba ya yi. Na ce wannan kuma wane irin wasa ne. Ta ce ba ruwana, in tafi kar in makara.

Tun daga ranar, kullum na buɗe jakarsa da yamma sai in ga dankali huɗu ko biyar a ƙarƙashin kayansa. Na ɗauka kyauta ce, har ina mamaki, don Gwaggo ba ta yi suna wajen kyauta ba. Muka soya, muka yi fate, maigidana har yana yabon dankalin. Sai a mako na uku na gane. Na shigo na ga Sadik yana tura kwalin daga bango zuwa bango yana ƙyalƙyala dariya, na leƙa ciki na ga saura kaɗan a gindi. Ashe kullum rage nauyin take yi, ƙafafun na ƙara ƙarfi, kwalin na ƙara gudu.

"Gwaggo, ashe kayan aikinki muke ci?"

"To da zubarwa zan yi?"

Ranar wata Juma'a ta miƙo min shi, ta ce kamar ba komai, "Ki sa masa ido yau da gobe. Ni dai ban ga komai ba tukuna." Da la'asar ranar Asabar ina tsintar shinkafa, Sadik ya saki gefen gado, ya ware hannaye, ya tako huɗu ya faɗo jikina. Shinkafar ta watse, ni kuma na zauna a cikinta ina kuka. Litinin tun daga ƙofa nake ba ta labari. Ta riƙe baki, ta sa na maimaita sau biyu, ta ce, "Kin gani ko? Uwarsa ya jira." Ta ciro takardar ta ba Sadik ya yayyage.

Wannan magana ta riƙe ni shekara goma sha ɗaya. Duk ranar da zuciyata ta ce min na gaza a matsayin uwa, sai in tuna ɗana ni ya jira.

Bara da Gwaggo ta rasu, ranar uku muna zaune a falon nan, Maman Chidi ta matso kusa da ni ta kama hannuna.

"Maman Sadik, ni zai faɗa maka wani abu, yanzu Mama ba ya nan. Sadik ya yi tafiya tun Laraba. Ni ya zo ɗaukar Chidi, ya gani da ido na. Daga kwali har ƙofa. Mama ya sa ni rantsuwa."

Kafin in buɗe baki, wata daga gefe ta ce, "Tsaya, ke ma ce miki ta yi ki sa masa ido?" Wata ta ce ita ma haka. Muka ƙirga, mu shida ne a ɗakin, kowacce ta yi shekaru tana alfaharin a gabanta ɗanta ya fara takawa. Dariya ta ƙwace mana a gidan makoki har aka leƙo daga waje, muna yi muna share hawaye.

Na yi zaton zan ji haushi, amma ban ji ba. Matar nan ita ta yi wahalar wata guda, ita ta ga takun farko da idonta, ta haɗiye murnarta kwana uku don in samu abin da zan riƙe.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Tasalla, Ya yafe mata wannan ƙarya da ta yi mana, Ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa mana. Amin.