Kulu da Gashin Mataji

An haifi Kulu a wani ƙauye kusa da Tirmini, gidan manoma hatsi da gyaɗa. A bayan gidan akwai rijiya, kewaye da ita kuwa shingen lalle ne wanda kakarta ta dasa. Tun tana 'yar shekara tara ita ke tsige ganyen bayan kaka, ta shanya a inuwa don rana na kashe masa ƙarfi, ta daka, ta tankaɗe da tsohon kallabi har ya yi laushin kwalli. Sa'o'inta ƙunshin hannu da ƙafa suka iya. Ita kai ta sani. Tun da hantsi take jiƙa garin da ruwan tsamiya, ta shafa wa tsofaffi a furfura bayan azahar. In ana so ya yi duhu, kashegari ta bi da garin ganyen baba, wanda ake yin shuni da shi.

Tana budurwa ta yi kuskuren da dangi ke dariyarsa har yau. Wata gwaggonta mai kai fari fat za ta suna, Kulu ta yi mata irin kwaɓin masu furfura jefi-jefi. Da aka wanke, kai ya fito ja zur kamar manja, ga baba ya ƙare a gidan. Da kallabi biyu gwaggo ta ci sunan nan. Daga ranar Kulu ba ta ƙara taɓa kan kowa ba sai ta gwada: ta karɓi gashin da ya fita a mataji, ta raba uku, kowanne da irin kwaɓinsa, mai kai ta zaɓi wanda ya yi mata. A ƙauye ba wanda ya taɓa ganin aibun haka, don a gabansu aka haife ta.

Sai da 'ya'yanta suka yi aure mijinta Sha'ibu ya samu aikin gardi, wato gadi, a Damagaram, suka sauka a unguwar Birni, cikin wani lungu mai rairayi. Ta zo da buhu biyu na lalle. Maƙwabta suka karɓe ta hannu bibbiyu, har mata uku suka zo neman rini a satin farko. Kowacce ta ce mata ta je ta taje kai ta kawo abin da ya fita. Ba wadda ta dawo.

Gaisuwa ta soma gajarta. Aka yi suna gida na biyu daga nasu, ba a kawo mata goro ba. Ran nan ta shiga wani gida ana kitso, sai ta ga uwar gidan ta yi wuf ta tattare gashin da ke tabarma ta cusa a haɓar zane. Sha'ibu ne ya zo mata da bayani, abin da ya tsinta a ƙofar masallaci: wai matarsa na tara gashin mutane tana kai wa boka.

 Kulu ma ai binne nata gashin take yi a gindin danga, haka uwarta ta koya mata, don kada ya faɗa hannun da bai dace ba. Abin da bai taɓa zo mata a rai ba shi ne a nan ita ce baƙon hannu. Sha'ibu ya ce ko ta bar gwajin nan, ko ta koma ƙauye har magana ta kwanta. Ta ce gwaji dai ba ta bari, komawa kuwa daidai yake da ta ce gaskiyarsu ne. Ta zauna, amma zama ne na wadda ba a shigo mata, ita ma ba ta shiga.

Ana haka sai ga Madam Esta a kan kabu-kabu daga unguwar Kara-Kara. Kirista ce, ungozoma a likita, wato asibiti, ta taɓa aiki a Tirmini, ita ta karɓi haihuwar autan Kulu. Baƙin rinin kanti ya fasa mata fatar kai da ƙuraje, shi ne ta tuna da Kulu, ta zo da gashinta ƙunshe a takarda tun ba a tambaye ta ba. Da ta ji halin da ake ciki ta ce ita fa ɗaki ya yi mata zafi, a shimfiɗa tabarma a zaure.

Rabin yaran lungun a hannun Esta suka faɗo, don haka ba a jima ba aka soma leƙowa gaisuwa. Cikin masu zuwa har da Ya Kellu, dattijuwar Babarbariya wadda in ta ce a'a a lungun to an gama. Ta dubi tasoshi uku da gashi a ciki, ta dubi Esta.

"Madam, ke ma kin ba ta? Da karatunki?"

"Ya Kellu, sau nawa na ɗibi jininki a kwalba? Kin taɓa tambayata inda na kai shi?"

Ya Kellu ta ce wannan ai likita ce, ba ɗaya ba ne. Nan Kulu, wadda kanta ke sunkuye kan kwaɓi, ta ɗago.

"Ya Kellu, kada ki ba ni. Ki riƙe abinki a hannunki, ni in kawo kwaɓi gidanki. In an gama ki binne da kanki."

 Dattijuwar ta dai tsaya har aka wanke na Esta, ta ga wanda ya fito launin dabino, ta juya shi da tsinke ta tafi.

Kwana biyu sai ga ta a ƙofa da kanta, ta ce Kulu ta zo da tarkacenta da hantsi. Ita ta taje kanta, ita ta tsoma, ta kuma damƙe gashin da kwaɓinsa a tafin hannu, ta ƙi ajiyewa ko a murfin kwano har la'asar. Cikin jiran ne suka yi hirar da ba su taɓa yi ba, ta haƙar gyaɗa da ciwon gwiwa da halin surukai. Gashi ya yi kyau, tafin Ya Kellu kuwa ya rine ja, dabbare-dabbare, ya yi sati uku a haka. Duk wadda ta tambaya sai ta ce aikin Kulu ne, ta zame kallabi ta nuna kai.

Shekara takwas ke nan. Kulu na nan a Birni, tana zaga gidaje da tasoshinta uku a kwando, ba ta kuma ƙara karɓar gashin kowa a hannu ba, ko an miƙo mata. Da aka tashi aurar da jikar Ya Kellu bara, ita aka aika wa tun ana saura sati, aka ce ta zo ta zauna kan lallen amarya.