Ranar da Na Ja Kaka Zuwa Fadama

Ƙarar wani inji ce ta tsayar da ni makon jiya a farfajiyar wani sito a Liwan, can ƙasar Sin. Na je duba kayan ban ruwa da zan tura Kano, sai na tarar da mai siton da ma'aikatansa sun zagaye wani jan inji mai faɗin baki. Na kwashe dusar ƙanƙara ne, in ji shi, wani mai saye daga ƙasar sanyi zai zo ganinsa da la'asar. Ni dai shekarata bakwai a garin nan ban taɓa ganin ƙanƙarar ta sauka ba. In an ja igiya sai injin ya tashi lafiya lau, ya ɗan jima yana ruri, sai ya fara tari, ya mutu. Sun canza fulogi, sun wanke kafireta, duk a banza.

Na ce wa mai siton, "Lawban," wato maigida a yarensu, "in ya fara tarin nan, sassauta murfin tanki."

Ya dube ni, ya dubi mayafina, ya yi abin da na ce don kada ya kunyata ni. Nan take injin ya miƙe. Ya tambaye ni a wace makaranta na koyi wannan. Dariya kawai na yi, don Sinancina bai kai in ba shi labarin Kaka ba. Ku zan ba.

Kakana na wajen uba bakanike ne, shi yake gyaran injinan niƙa na ƙauyenmu da na kewaye. Amma ni ban riski wannan zamanin ba. Da na yi wayo ciwon yana ya riga ya rufe masa ido, ba wanda yake kawo masa aiki. Yini yake a gindin darbejiyar ƙofar gida da carbi, hannuwansa masu kanta a kan gwiwa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

Bazarar da nake shekara tara, injin ban ruwan mahaifina ya kama wannan ciwo. Ya tashi, ruwa ya fara gudu a tiyo, kafin ya kai fage na biyu ya mutu. An kawo bakanike daga birni, ya kwance ya ɗaura, ya tafi ya bar shi yadda ya same shi. Kwana uku albasa da tumatir ba su sha ruwa ba, ga zafin da ko kaji baki buɗe suke yawo. Abincinmu na shekara yana cikin gonar nan. Mahaifina ya daina cin tuwo, ya daina magana. A gaban Kaka ake ta zancen injin, amma ba wanda ya juya ya tambaye shi.

Ran na huɗu da safe, yana gama shan koko, ya ce, "Uwata, miƙo min sandata. Fadama za ki kai ni."

Mahaifina ya ce, "Baba, da nisa fa, ga rana za ta yi zafi."

"Na san inda fadamar take," in ji Kaka.

Na riƙe bakin sandar, ya riƙe gindinta. Ina gaba ina faɗa masa, ga rami, ga kunya, ga ƙaya. Ƙasa tana ƙona min tafin ƙafa ta cikin silifa. Sau biyu muka tsaya ya huta, ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar, amma da na ce mu koma sai ya ce in ci gaba.

A bakin rafi ya tsuguna, ya ɗora tafinsa a kan tankin, ya ce a ja. Injin ya tashi, ya mutu. Ya ce a sake. A karo na biyu, da tarin ya fara, ya ce, "Uwata, murɗa murfin nan kaɗan." Ina murɗawa na ji wani ɗan huci, injin ya zabura.

Ya ce akwai wata 'yar ƙofa a murfin, kamar ta allura. In iska ba ta shiga ta nan ba, mai ba ya sauka. Laka ce ta bushe a ciki tun wata rana da injin ya kife a bakin ruwa. Ya lalubo wurin da farce, ya ce, "Ni na ji ta, ke za ki gan ta." Da ƙayar bagaruwa na tsokale ta.

Ruwa ya cika fage na ɗaya, na biyu, na uku, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. Kaka ya ce in kai hannunsa bakin tiyon. Ya daɗe ruwan yana zuba masa a tafi. Mahaifina ya zo ya durƙusa a gabansa, ya ce, "Baba, ka yafe min. Da tun shekaranjiya na tambaye ka."

"Ba ka so ka wahalar da ni ne," in ji Kaka. Sai ya sa jiƙaƙƙen hannun ya shafa kan mahaifina, mutum mai furfura a gemu, kamar ɗan yaye.

Wannan ce fitarsa ta ƙarshe zuwa fadama. Damina biyu bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu famfunan da nake turawa gida masu aiki da hasken rana ne. Ba fetur, ba hayaƙi, ba igiya. Na farkon da na saya mahaifina na aika wa. Shi ma idonsa ya fara rauni, amma kullum sai ya je gona. Ran Juma'a da muka yi waya na tambaye shi ya famfon. Ya ce lafiya ƙalau, bai taɓa ba shi matsala ba. Sannan ya ce, "Sai dai ba ya magana. Fadamar ta yi tsit, har kukan tsuntsaye nake ji. Ban saba ba tukuna."